Tambayoyi da Amsoshi Kan Yi Wa Gambarar Lungu Sharhi Idan Tsohon Hannu Ne Ya Haɗa Kiɗan

Tambayoyin nan su suka fi maimaituwa a bakin matasan Nima, Mamobi, Sabon Zongo, Madina da Ashaiman a Ghana masu son rubuta sharhin waƙa a Facebook ko yin sa da baki a TikTok da WhatsApp. Sukan taso ne duk lokacin da wani tsohon mai haɗa kiɗa ya tara yaran unguwa ya fitar da sabon aiki. A majalisar ataya kowa malami ne, amma da an ce a rubuta a sa suna sai kowa ya kama duba wayarsa.

Wace ce gambarar lungu, kuma me ya raba ta da wadda muke ji a rediyo?

Ita ce waƙar rap da ba kamfani a bayanta, ba kuɗin talla, ba ta shiga rediyo sai da roƙon dije. Yara suna ce mata andagirawun. Hanyarta Audiomack ce da YouTube da turawa daga waya zuwa waya. Kiɗanta na iya zama na da, yana iya zama na jiya-jiya. Rashin gata ne ya haɗa su waje ɗaya.

Kuma lungu ba wurin zama ba ne har abada. VIP a titunan Nima suka taso cikin shekarun 1990, a 2004 kuwa su aka ba kyautar gwarzon shekara a Ghana Music Awards. Asakaa, salon rap na Kumasi, a lungu take har 2020, lokacin da su Yaw Tog, O'Kenneth da Jay Bahd suka fasa ƙofa, shekara na zagayowa Stormzy ya taso daga Ingila ya shiga waƙarsu. Don haka kada ka yabi waƙa kawai saboda ba a san ta ba. Wata rashin gata ya ɓoye ta, wata kuwa rashin daɗi.

Wa ake kira tsohon hannu, kuma me ya sa sharhin zai koma kansa alhali ba shi ya rera ba?

A nan Ghana, wanda ya fara tun zamanin kaset, daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa tsakiyar 2000, lokacin da hiplife, haɗin rap da hailaif, ke tashe bayan Reggie Rockstone ya fitar da kundinsa na farko a 1997. Sunayen da kowa ya sani su ne Hammer na The Last Two, Jay Q, Appietus da Zapp Mallet. Bayan su akwai waɗanda jarida ba ta taɓa ambata ba, masu sitidiyon ɗaki guda da katifa a jikin bango, kusan kowane zango da nasa.

Irin wannan furodusa ba sayar da kiɗa kawai yake yi ba. Shi ke zaɓen wanda zai hau, shi ke mayar wa yaro da baitinsa ya ce je ka sake. Hammer ne ya haɗa kiɗan Pae Mu Ka na Obrafour a 1999, kuma an san shi da tura yaransa su yi rap da harshen gidansu: Tinny da Ga, Kwaw Kese da Fante, Edem da Ewe. Idan mutum irin wannan ya sa sunansa a saman kundi, zaɓensa ma aikinsa ne. Baiti marar kai da ya bari ya wuce, a wuyansa yake kamar yadda gangar da ta kauce take a wuyansa.

Sau nawa zan saurara kafin in rubuta, kuma da me?

Aƙalla sau uku, kuma kada duka su zama rana ɗaya. Na farko daga waƙar farko har ta ƙarshe ba tsallake, ba biro a hannu. Na biyu don kalmomi. Na uku ka manta da mawaƙin ka bi ganga da bes. Ka kwana, da safe ka ga wace waƙa ce ta rage a bakinka.

Ka ji shi a wuri fiye da ɗaya. Sifikar waya ba ta iya fitar da amon ƙasa mai zurfi, saboda haka bes ɗin 808 da ke girgiza ƙirji a manyan sifikun masu kiɗan biki yana iya ɓacewa ɗungum a waya. Gwani yakan ɗan ƙazanta bes ɗin da gangan domin a ji inuwarsa ko a ƙaramar sifika. Yawancin masu sauraronsa a waya ko a cikin motar haya ta trotro za su ji shi, to ka faɗa mana ko ya tuna da su. Ka kuma rubuta da abin da ka saurara, don kada wani ya ce kunnenka ne da matsala.

Ban iya haɗa kiɗa ba. Me zan iya faɗa a kan kiɗan da ya wuce "yana da daɗi"?

Fara da sauri. Tsohon salon New York da yawancin tsofaffin nan suka tashi a kansa yana tafiya ne a bugu 85 zuwa 95 a minti, ganga mai kauri, tafi mai kaifi a bugu na biyu da na huɗu. Diril, wadda asakaa ta fito daga cikinta, tana kusa da 140, da bes mai zamiya sama da ƙasa. Ka buga ƙafa kana duba agogo, za ka gane inda waƙar ta faɗa.

Sannan ka tambayi kunnenka abubuwa kaɗan. Shin kiɗan yana motsi, ko ɗan guntu ɗaya aka bari yana ta juyawa minti uku? Akwai inda ya ɗauke ganga domin wata magana ta fito fili? Muryar tana zaune a cikin kiɗan ko an ɗora ta ne a sama kamar ba tare suka zo ba? Idan mawaƙa huɗu ne a waƙa ɗaya, ƙarfin muryoyinsu ya zo daidai, ko ana jin cewa wani daga waya ya turo nasa?

Ƙarar waƙa ba ingancinta ba ne. Spotify da YouTube suna daidaita ƙarar waƙoƙi, suna rage wadda ta yi yawa. Wanda ya matse kiɗansa don ya fi na kowa ƙara, a can za a sauke shi, ya rage da ganga marar numfashi. Tsofaffin hannu da yawa sun fi yara sanin wannan, kuma wuri ne da ya kamata ka yaba musu idan sun yi daidai.

Laifi ne idan kiɗansa na nan kamar na 2003? Ko kuwa laifin shi ne ya kwaikwayi yara?

Ko ɗaya ba laifi ba ne a karan kansa. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma akwai yaran da muryarsu ta fi zama a kan ganga mai nauyi da ƙaho irin na da fiye da kan diril. Abin dubawa shi ne ko ya zaɓi tsohon salon ne ko kuwa a nan ya maƙale. Ana ganewa. Wanda ya zaɓa yakan kawo wani abu da bai yi ba a da, ko da sabon kayan kiɗa ɗaya ne, ko kalangu a inda ake jiran tafi. Wanda ya maƙale za ka rantse tsohon faifansa ya buɗe ya kwashe abin da ya rage.

Mai bin yara kuma nasa ya fi ban tausayi idan bai zauna ba: ya ɗauko bes mai zamiya ya manna ba tare da ya ji inda take numfashi ba, sai yaron da ke rap a kai ya riƙa tuntuɓe. Na'ura ba ta yanke wannan hukunci. An yi abin kirki da Akai MPC, an yi da FL Studio a tsohuwar kwamfuta, an kuma yi shirme da kowannensu. Kada ka cika sharhinka da sunan na'ura don a ce ka sani.

Yaya zan auna baitocin Hausa? Wasu na cewa Hausar zango ba daidai ba ce.

Masu cewa haka su huta. Hausar Nima da ta Aboabo Hausa ce da ta yi fiye da shekara ɗari a ƙasar nan. Da yawanmu "ya" muke cewa ga namiji da mace, muna jefa Twi da Ga da Turanci a tsakiyar magana, kuma haka yaron ke magana da uwarsa. Idan ya koma yana lanƙwasa harshe don ya yi kama da na fim ɗin Kano, a nan ne ma za ka ji ƙarya a muryarsa. Rubuta waƙar Hausa a ƙasar nan ba yau aka fara ba. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da Hausa da Larabci da ake nazari har gobe.

Ga inda za ka tsananta. Kusan kowace kalmar Hausa da wasali take ƙarewa, saboda haka ƙafiyar "a" kyauta ce, ko ɗan makarantar allo zai jera maka ɗango ashirin da ita. Nemi wanda ke haɗa gaɓa biyu ko uku, ko mai ƙafiya a tsakiyar ɗango. Ka kuma saurari ko ya karya kalma don ta shiga bugu. Hausa tana da dogon wasali da gajere, tana da hawa da saukar murya. Idan ya datse su har ma'ana ta sauya, wannan aibi ne, ko a Kano ko a Mamobi.

Sauya harshe ma gwaninta ce idan da dalili. Wani yakan yi fariya da Turanci, ya yi barkwanci da Twi, ya ajiye Hausa ga maganar uwa da mutuwa da kuɗin haya. Wani kuma yakan tsallaka Turanci ne kawai saboda ƙafiyar Hausar ta ƙare masa. Faɗa mana wanne ne.

Mutumin nan sa'an babana ne, tare muke sallar Juma'a. Ta yaya zan ce aikinsa bai yi ba?

Wannan ita ce tambayar da ke ƙarƙashin sauran duka. Amsar ita ce ladabi a harshe yake, hukunci kuwa na kunne ne. A hanya Kawu ne ko Alhaji, ka rusuna ka gaishe shi. A rubutu ka kira shi da sunan aikinsa, ka ambaci abin da ya gina, amma a taƙaice. Sharhin da rabinsa kirari ne ba a karanta sauran rabin.

Ka soki waƙa, ka bar mutum. "Ya tsufa, ya kamata ya huta" zagi ne, kuma ba ya koya wa kowa komai. "A waƙa ta huɗu ƙahon ya danne muryar yarinyar har ba a jin baitinta na biyu" magana ce da zai iya komawa sitidiyo ya duba. Duk sukan da ba za ka iya nuna masa minti da daƙiƙa ba, ka bar shi a majalisa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma mutumin da ya shekara ashirin yana mayar wa mawaƙa da baitinsu ya san haka fiye da kai.

Ka tuna kuma ba ku biyu kaɗai ne a maganar ba. Akwai yara shida ko bakwai a kundin da wannan ne karonsu na farko. Idan ka yi shiru don kunyar dattijo, su ka zalunta: wanda ya yi fice ba a ambace shi ba, wanda ya yi rauni ba a gaya masa ba. Ni a ganina babbar tambayar kowane kundi irin wannan ita ce ko tsohon ya buɗa wa yaran fili ko kuwa ado ya yi da su. Duba amsar da ke magana kan sunaye da haƙƙi a ƙasa, domin a can ake fara ganewa.

Ya turo min kuɗi ta MoMo "na data", ko an ba ni soli, wato kuɗin mota, a wurin ƙaddamarwa. In karɓa?

Idan baki ya ci, ido kan ji kunya. Mafi sauƙi ka mayar cikin girmamawa: "Kawu, bar shi, aikin ne ya kawo ni." Idan mayarwa za ta zama cin fuska, ko ka riga ka kashe, to ka rubuta a ƙasan sharhin cewa an ba ka kuɗin mota. Haka idan ɗan'uwanka ko abokin wasanka na cikin kundin. Mutanen unguwa sun riga sun sani. Ɓoyewar ce za ta kashe maka suna.

Idan kuwa aka ce ga kuɗi ka rubuta yabo, wannan talla ce. Kana iya yin ta, amma ka rubuta mata "talla" a sama.

Na gane tsohuwar waƙar da ya yanko ya saka a kiɗan. In faɗi sunanta?

Yanko tsohon faifai tushen sana'ar ne. Reggie Rockstone ya hau kan kiɗan Alhaji K. Frimpong, an kuma yanko na Ebo Taylor a waƙar Usher a Amurka. Abin da sharhi zai duba shi ne abin da aka yi da yankan: an sassara shi an sake jera shi, an sauya masa sauri, ko an ɗauko amshin da kowa ke so ne aka jingina da shi?

Sai dai akwai doka. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana, Act 690 ta 2005, tana kare aiki tsawon ran mai shi da shekara 70 bayan rasuwarsa, kuma haƙƙi biyu ne, na wanda ya tsara waƙar da na faifan da aka naɗa. Zancen cewa daƙiƙa biyar ko shida halal ne ba shi da tushe. Ko kiɗan gargajiya da ba a san mai shi ba, dokar ta sa shi a hannun gwamnati ta hukumar National Folklore Board. A 2023 Obrafour ya kai Drake ƙara a New York yana neman aƙalla dala miliyan 10 a kan 'yar gajeriyar murya da aka yanko daga waƙarsa.

Saboda haka idan ba a rubuta sunan asalin a jikin kundin ba, kira furodusan ka tambaye shi kafin ka buga. Kana iya siffanta shi, ka ce jita ce irin ta hailaif ɗin shekarun 1970, ba tare da ka zama ɗan rahoto ba. Wuri ɗaya ne ban yarda a rufa ba: idan yana shelar cewa shi ya kaɗa abin da hannunsa alhali na wani dattijon ne da iyalinsa ke raye ba su ga ko sidi ɗaya ba.

Sunayen wa zan duba, kuma ina ruwan mai sharhi da rabon haƙƙi?

Buɗe waƙar a Audiomack, Boomplay ko Spotify ka duba. An sa sunan kowane yaro a matsayin mawaƙi, yadda waƙar za ta bayyana a shafinsa, ko sunan maigidan ne kaɗai? An rubuta wanda ya tace sautin, da wanda ya buga jita ko kalangu, da yarinyar da ta yi amshi? Masu amshi mata su aka fi mantawa, alhali sau da yawa muryarsu ce ke riƙe waƙar. Ka nemo sunayen ka saka a sharhinka, ka rubuta su daidai.

Ba ka ga yarjejeniyarsu ba, don haka kada ka ce an cuci wani. Abin da ido ya gani za ka faɗa. Ba laifi kuma ka tuna wa yaran cewa GHAMRO ce ke karɓar kuɗin waƙa daga gidajen rediyo da talabijin da otal-otal, kuma sai wanda ya yi rajistar kansa da waƙarsa ake rabawa da shi. MUSIGA ƙungiyar mawaƙa ce, aikinta daban. Takardar rabon kaso gara a rubuta ta ranar da aka naɗi waƙar, tun ana dariya.

Waƙa 18 ce a kundin. Dole in taɓa kowacce?

A'a. Ɗauki uku ko huɗu da ke nuna inda aikin ya dosa, har da mafi rauni. Sannan ka yi magana kan jerin: wace ya buɗe da ita, ina ƙarfin ya faɗi, wace ce aka saka don kada ran wani ya ɓaci. Kundin tsohon hannu yakan kumbura ne saboda kowane yaro an yi masa alkawari. Idan waƙa 7 ne na gaske a cikin 18, faɗi haka, ka lissafa su.

Mutum 400 kacal suka saurara. Ba alamar bai yi ba ke nan?

Ba alamar komai ba ce. A zango waƙa na iya zagaye majalisu goma ta WhatsApp ba tare da na'ura ta ƙirga ko ɗaya ba, ana kuma sayen lambobin bogi. Idan kana son shaida, saurari abin da masu aboboya, wato babur mai ƙafa uku, da shagunan aski ke sakawa bayan mako biyu.

In haɗa waƙar da sharhin in tura wa mutane?

Tura mahaɗin shafin da ya saka ta, kada ka tura fayil ɗin. Idan ya ba ka aikin kafin ranar fita, amana ce. Ko amininka kada ya ji ta daga wayarka. Kawo ɗango biyu ko uku a rubuce don kafa hujja ba matsala, matuƙar ka faɗi mai su. Ka tabbatar ka ji kalmomin daidai, musamman inda aka gauraya harsuna. Tambayar mawaƙin ba ta rage maka komai.

Akwai lokacin da bai dace a fitar da sharhi ba?

Cikin azumi ba mai tura waƙa a zango, kuma wanda ya buga sharhin gambara a goman ƙarshe shi da kansa zai karanta. Jira bayan salla, lokacin da Nima ke cika da kiɗa, ga taron Sallafest da su VVIP, wato VIP bayan sauya suna, suka saba yi. A Accra kuma akwai wata guda, wajen Mayu zuwa Yuni, da masarautar Ga ke hana kiɗa da hayaniya kafin bikin Homowo. Ba ya hana rubutu, amma yana hana ƙaddamarwa a fili da manyan sifiku, saboda haka kundin da ya fito a lokacin yakan yi shiru ba don laifinsa ba. Ka sa wannan a lissafi kafin ka ce bai karɓu ba, kamar yadda aka faɗa a amsar mutum 400.

Akwai ashar da habaici ga wata unguwa a ciki. In yi kamar ban ji ba?

Zambo da habaici sun girmi rap a wurin Bahaushe, makaɗan fada da na dambe sun yi su tun kafin a haife mu. Habaici mai kaifi gwaninta ce, kana iya yaba ta. Amma ka raba shi da kiran sunan uwar mutum, ko ambaton layi da majalisa ana cewa a haɗu. Mun san yadda faɗan samari tsakanin unguwanni ke farawa da yadda yake ƙarewa a asibiti da ofishin 'yan sanda. Kada ka kwafo irin wannan ɗango cikin sharhinka, kada kuma ka fassara wa waɗanda ba su gane ba wa ake nufi.

A nan nauyin tsohon hannu ya fi na yaron. Ɗan shekara 19 zai faɗi komai a gaban makirfo. Mai shekara 50 da ke riƙe da maɓallin shi ya yanke a bar shi. Ka kuma sanar da mai karatu idan waƙa ba ta sakuwa a gaban iyaye, domin a gidan haya na zango ba wanda ke sauraro shi kaɗai.

Na buga, ya kira ni ransa a ɓace. In goge?

Ka saurare shi har ya gama, kada ka katse shi. Idan kuskuren bayani ya nuna maka, kamar sunan da ka rubuta ba daidai ba, ko ka ce yanke ne alhali da hannu aka kaɗa, gyara nan take ka rubuta a ƙasa cewa an gyara, da kwanan wata. Idan ra'ayinka ne bai yi masa ba, sharhin na nan. Ce masa, "Kawu, rubuto naka bayanin, zan saka shi a ƙarƙashin nawa ba tare da na taɓa ko harafi ba." Idan ya aiko da dattijon unguwa ko limami, ka je da ƙafarka, ka tafi da wayarka da abin saurare, ka kunna musu daidai wurin da ka yi magana a kai.